Kiɗan Ƙofar Ɗakin Sanyi

Shafi na 17

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara mini haka in sha ruwa. Ku kuma da kuka riga kuka yanke wa Dogo hukunci tun jiya, har wata tana cewa dama ita idonsa bai kwanta mata ba, ku karanta tukuna.

*

Tun da Auta ta fara aiki a kamfanin ba ta taɓa jin ofishin ya yi tsit irin na safiyar Litinin ɗin nan ba. Mutum goma sha biyu masu rubuta manhaja, kowa da kwamfutarsa a gabansa, amma babu mai buga komai. Ita da ta saba sauraron ƙarar madannai kamar yadda wasu suke sauraron rediyo, yau ba abin da take ji sai fankar sama da bugun zuciyarta.

Idon kowa yana kan ɗakin taro mai bangon gilashi. Dogo ne a ciki, zaune, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur. Manaja yana tsaye a kansa, ga kuma wani mai bincike da aka ɗauko daga waje, mai ƙaramin littafi da fuskar da ba ta san dariya ba.

Abin da ya faru kowa ya ji shi tun a bakin ƙofa. Ranar Asabar da rana wani ya shigo cikin ayarin masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da hula har kan gira. Ya wuce kai tsaye ɗakin sanyi, inda manyan kwamfutocin ajiya suke. Bai fasa ƙofa ba, bai ɓalle komai ba. Lambobi shida ya danna, ƙofa ta buɗe masa kamar ɗan gida, ya zare faifai guda ɗaya ya fice. A cikin faifan nan akwai bayanan marasa lafiya na wani asibiti da kamfanin yake yi wa aiki: sunayensu, cututtukansu, har da irin waɗanda mutum ba ya so ko matarsa ta sani.

Duk mai izinin shiga ɗakin da lambarsa daban. Da aka duba rajistar ƙofa, lambar Dogo ce.

Dogo fa. Babban injiniyan da ya shekara tara a wurin, wanda in ya ga ka rubuta kalmar sirri a takarda ka manna a jikin kwamfuta zai cire ta ya yaga a gabanka, ya bi ka da wa'azin minti ashirin. Shi ya koya wa Auta aiki tun tana rawar hannu in za ta taɓa manhajar da mutane suke amfani da ita. Shi ya laƙaba mata Auta, don ita ce ƙarama a sashen, ita kuma take kiransa Yaya, har wasu sababbin ma'aikata suke zaton cikinsu ɗaya.

Wajen ƙarfe goma da rabi aka buɗe ɗakin taro. Mai bincike ya ce yana so Dogo ya danna lambar a gabansa, ya ga yadda ƙofar take aiki. Suka wuce ta bayan kujerar Auta su uku, suka shiga siririn lungun da ya kai ɗakin sanyi. Dogo bai dubi kowa ba.

Madannan ƙofar nan tsofaffi ne, irin waɗanda kowane maɓalli yake da tasa muryar. Cikin shirun ofishin, sautin ya taho ta lungu tar-tar har kunnenta.

Na farko ya fita siriri. Na biyu ya sauka ƙasa. Na uku ya maimaita na biyu. Na huɗu ya hau, na biyar ya ƙara hawa.

Kafin Dogo ya danna na shida, Auta ta ji leɓenta yana rera shi a hankali.

Sai ga shi ya fito daidai yadda ta rera.

Ta riƙe gefen tebur. Ita ba ta san lambar Dogo ba, bai taɓa gaya mata ba, ba ta taɓa leƙa hannunsa ba. Amma ta san wannan kiɗan. Ta san shi fiye da sunanta, domin nata ne.

Wanda bai san Auta a waje da ofis ba, to tana da shafi a intanet, kuma bakinta a can ba ya hutawa. Kullum sai ta rubuta ra'ayinta a kan wani abu. Yau ta ce duk manhajar da ta nemi ranar haihuwarka kafin ta nuna maka yanayin gari, ɓarauniya ce mai sallama. Gobe ta ce wanda ya saki sabon gyara ranar ƙarshen mako ba ya ƙaunar iyalinsa. Jibi ta zage masu sauya wurin maɓalli a waya ba dalili, ta ce da tana da iko sai ta sauya musu wurin ƙofar banɗaki su ji in da daɗi. Mutane suna dariya, suna turawa gaba, ita kuma kanta yana ƙara fasuwa.

Sai kuma kiɗanta. Auta ba ta kaɗa ganga, ba ta busa komai. Rikoda take yawo da ita a waya tana tsintar ƙarar duniya: gurnanin firij, kukan ƙofar da ta rasa mai, ɗigar famfo a bokiti. Ta yanka, ta jera, ta ɗora wannan kan wancan, ta ce waƙa ce. Mahaifiyarta ta saurari ɗaya sau ɗaya, ta tambaye ta ko wayar ce ta lalace. Auta ba ta damu ba, ta ce firij ɗin gidansu ya fi rabin mawaƙan zamani gaskiya, don shi bai taɓa yin kukan ƙarya ba.

Ta lalubo abin kunne ta sa. Ta buɗe waƙar da ta saki mako uku da suka wuce, ta ja ta zuwa minti na uku.

Ga su nan. Sauti shida, tsaf, ba ƙura a jikinsu.

Ta tuna ranar sarai. Ta roƙi Dogo ya shiga da ita ɗakin sanyi ta naɗi gurnanin injinan, ya yi mata tsiya ya ce wata rana sai ta naɗi atishawarsa ta sayar. Rikodar tana kunne tun daga lungu. Da ta koma gida ta saurara, gurnanin bai burge ta ba, sautin ƙofar ne ya tafi da ita. Ta ɗauke shi ta mai da shi ƙashin bayan waƙar, ya yi ta maimaituwa har sau arba'in. Ba ta sauya masa murya ba, ba ta juya jerinsa ba, don tana da aƙidar da ta sha yin alfahari da ita, wai ita ba ta yi wa sauti kwalliya, yadda ta tsince shi haka take ajiye shi. A ƙasan waƙar kuma ta rubuta da hannunta cewa wannan ƙofar ɗakin ajiyar ofishinsu ce, kuma ita kaɗai ce kayan kiɗa na gaskiya a duk ginin, tunda kowane maɓalli da muryarsa.

Sau arba'in ta rera wa duniya lambar Yayanta.

Da ma a nan ta tsaya. Akwai wani mabiyinta da yake kiran kansa Mai Sauraro, babu hoto, babu suna. Wata takwas yana bibiyar duk abin da ta rubuta. In kowa ya yi dariyar kiɗanta, shi sai ya zo da magana mai nauyi, ya ce ya ji yadda ta bar shiru ya yi numfashi a tsakiyar waƙa. Wa zai ƙi irin wannan? Da waƙar ƙofa ta fita, ya rubuto ya ce intanet tana matse sauti tana cinye masa daɗi, ko za ta taimaka masa da ainihin abin da ta naɗa, ɗanye, ya saurara yadda ya kamata. Auta ta ji kamar an naɗa mata sarauta. Ba ta ma tsaya zaɓe ba, ta tura masa jakar fayil ɗin da take tara duk abin da ta naɗa gaba ɗaya.

Ta nemi shafinsa yanzu. Babu shi. Ta sake rubuta sunan, ta sake, har sau huɗu. Saƙonninsu suna nan, amma inda sunansa yake ya zama fanko.

Tsoro ne ya kama ta irin wanda ba ta taɓa sani ba.

Sakatariya ta zo wucewa da takardu, ta sunkuyo kamar za ta ɗauki wani abu a teburin, ta raɗa mata cewa Manaja ya kira 'yan sanda, ƙarfe goma sha biyu za su zo su tafi da Dogo. Ta ce asibitin sun matsa lamba sai an ba su sunan mutum yau. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta yarda ba, amma lamba ba ta ƙarya. Ta wuce abinta.

Auta ta dubi agogon kwamfuta. Sha ɗaya da minti biyar.

A nan ne fa zuciya ta fara yi mata huɗuba, kuma ba zan rufa mata asiri ba, ta saurara. Wa ya sani? A duk ofishin nan babu wanda ya taɓa jure wa waƙarta har minti na uku. Mai binciken can da littafinsa, ko shekara zai yi ba zai kawo kiɗa a ransa ba. Danna biyu kawai, waƙar ta bar duniya, saƙonnin su bi ta. Dogo yana da mutunci, yana da shekara tara, ƙila a sake shi bayan kwana biyu. Ita kuwa in ta buɗe baki, aikin ya tafi, kuma babu kamfanin da zai ƙara ba ta ko linzamin kwamfuta ta riƙe. Ta hango mahaifiyarta tsaye a ofishin 'yan sanda da mayafi a karkace, tana tambaya me 'yarta ta yi.

Ta kai yatsa kan wurin gogewa. Wani ɗan akwatin saƙo ya fito a kan allo yana tambayarta ko ta tabbata.

Ta daɗe tana kallonsa.

Motsi ta ji, ta ɗaga kai. An ba Dogo izinin shan ruwa, ya fito ya nufi ɗan kicin ɗin da ke ƙarshen ofis. Mutumin da kullum sai ya sunkuya a wannan ƙofar saboda tsawo, yau ya shige ba tare da ya sunkuya ba, don dama a ranƙwafe yake tafe.

Auta ta rufe akwatin ba ta goge ba. Ta ɗauki wayarta ta bi shi.

Ta same shi tsaye gaban tulun ruwa, kofi a hannu, bai zuba komai ba. Da ya gan ta sai ya ƙaƙalo murmushi, ya ce ta koma kan aikinta, kada a ga tana magana da shi a shafa mata. Ya ce gyaran da ta fara ranar Alhamis ta tabbata ta gwada shi sau biyu kafin ta saki, don ba ya nan da zai duba mata. Har da cewa kada ta damu, gaskiya za ta yi halinta.

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ta tura ƙofar kicin ta rufe, ta jingina da ita.

"Yaya, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na ba da lambarka."

Ya dube ta kamar wanda aka yi wa magana da wani yare. Ya ce ta daina shirme, ita da ba ta san lambar ba, kuma ba ya son irin wannan sadaukarwar ta yara. Ta miƙa masa abin kunne, ta danna minti na uku.

Ta tsaya tana kallon fuskarsa. Zagaye na farko ya yamutsa goshi, irin na wanda aka tilasta wa sauraron abin da ba ya so. Zagaye na biyu goshin ya saki. A na uku sai ta ga yatsansa na dama yana motsi shi kaɗai a jikin kofin, sama, ƙasa, ƙasa, yana danna madannan da babu su.

Ya zare abin kunnen a hankali ya ajiye a kan teburin kicin.

"Sau nawa yake a ciki?"

"Arba'in."

"Mutum nawa suka ji?"

"Ɗari uku da wani abu."

"Kin faɗi ko wace ƙofa ce?"

Ta gyaɗa kai. Hawayen da take riƙewa suka zubo.

Dogo bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro. Ya koma mata injiniya sak, yana jero tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar yana neman inda manhaja ta karye. Yaushe ta saki waƙar? Wa ya yi magana a kanta? Akwai wanda ya nemi wani abu? Ta gaya masa labarin Mai Sauraro tun daga farko, ba ta rage ko ɗaya ba, har da daɗin da ta ji da ya yabe ta. Ya karɓi wayar ya karanta saƙonnin da kansa, yana ja da babban yatsa, muƙamuƙinsa yana motsi.

"Wata takwas yana kiwonki," ya ce. "Ke kuma kina ta ba shi labari."

"Wallahi Yaya ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani ai da sauƙi."

Ta ce za ta je ta gaya wa Manaja yanzu, a kama ta ita, a sake shi. Ya juya ya fuskanci tagar kicin. Ta ga fushin a wuyansa, jijiya ta miƙe, amma ya haɗiye. Da ya juyo, cewa ya yi za su shiga tare, kuma ta bar shi ya fara magana, don in ta shiga da wannan kukan Manaja zai cinye ta ɗanya. Ya ce laifin ba nata ba ne ita kaɗai: shi ya shiga da ita da rikoda a kunne, kuma shekara uku yana cewa a sauya madannan nan ana ce masa sai baɗi.

Sannan ya sauke ajiyar zuciya, ya faɗi abin da ya sa ta ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarta. Ya ce ɓarawon ya yi wahalar banza. Faifan a kulle yake, kullewar da ko shekara ɗari zai yi ba zai karanta harafi ɗaya ba. Sai da wani ɗan makulli mai kama da filashi ake buɗe shi, kuma guda biyu ne kawai a duniya. Ɗaya yana cikin akwatin ƙarfe a ofishin Manaja, an duba da safe yana nan. Ɗayan kuma yana inda babu wanda ya sani.

Har ya zuba ruwa a kofin ya kai baki.

Auta ba ta motsa ba. Sauƙin da ta ji bai kai minti ɗaya ba ya gudu, ya bar ta da abin da ya fi na farko muni.

"Yaya."

Ya dube ta ta saman kofin.

"Na taɓa yin rubutu a kan makullin."

Ya sauke kofin.

Ta karɓi wayar ta nemo masa. Rubutun wata biyu da suka wuce ne, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi turawa gaba. A ciki ta yi wa kamfanonin da suke ajiye makulli da abin da ya kulle a ɗaki ɗaya tatas, ta ce su zo su koyi aiki wurin babban injiniyansu, mutumin da ba ya yarda da kowa har inuwarsa, wanda makullin ajiyarsa na biyu ba ya kwana a ofis, a gida yake ajiye shi kusa da abin da ya fi ƙauna. Yabo ne ta yi masa. Har ta so ta nuna masa a lokacin, kunya ta hana ta.

Dogo ya karanta sau biyu.

"Ba ki faɗi sunana ba."

"Ban faɗa ba."

"Ba ki faɗi inda gidan yake ba."

"Ban faɗa ba, wallahi."

Ya gyaɗa kai yana lallashin kansa. Ya ce to da sauƙi, gari da faɗi, adireshinsa ma na tsohon gida ne a takardun ofis, tun da suka tashi bai gyara ba. Ya ce babu wanda ya san sabon gidan a nan wurin sai mutum biyu, direban kamfani da ita.

Da ya ambace ta sai ya tsaya.

Ita ma ta tsaya. Tare suka iso wurin, kamar mutum biyu da suka taka matakala ɗaya da ta karye.

Watan jiya ta je gidan gaishe da Inna, mahaifiyarsa, wadda take zaune tare da shi tun rasuwar mahaifinsa. Tsohuwa ce mai son mutane, ba ta iya ganin baƙo a ƙofa ba ta ce ya shigo ba. Tana da tsohon keken ɗinki na ƙafa a ɗakinta, kuma da Auta ta ji ƙararsa sai da ta roƙe ta ta taka mata shi minti biyar ta naɗa. Inna ta yi ta dariya tana cewa yaran yanzu ba su da aikin yi.

"Ƙarar keken Inna," Dogo ya ce, muryarsa can ƙasa. "Tana cikin jakar da kika tura masa?"

"Tana ciki."

"Da waya kika naɗa?"

"Da waya."

"Kin cire alamar wuri?"

Ba ta cire ba, shi ma ya gane. Manhajar da take naɗa da ita tana manna wa kowane fayil daidai inda aka tsaya aka naɗe shi, har lungu har ƙofa. Auta ta san haka fiye da kowa. Ita ce ta taɓa rubuta dogon bayani tana yi wa mutane dariya, masu tura hoto da adireshin gidansu a maƙale ba su sani ba. Waƙoƙin da take saki duk tana wanke su tas. Amma ɗanyen fayil aka roƙe ta, ɗanye kuma ta bayar.

Dogo ya shafa aljihu, ya tuna wayarsa tana hannun mai bincike. Ya fizgi tata. Ya danna lambar Inna da ya haddace tun shekaru. Matarsa tana wurin aiki, yara suna makaranta, a wannan lokacin Inna ce kaɗai a gida.

Ya sa a lasifika ya ajiye a kan tebur, ya dafa teburin da hannu biyu.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau biyar. Auta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma ba ta kai ƙarshenta take kama wata.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Muryar Sakatariya ce, tana cewa Manaja yana nemansa, 'yan sandan sun iso da wuri. Babu wanda ya kula ta.

A ƙara ta bakwai aka ɗauka.

Muryar Inna ta fito da fara'arta, ta yi sallama, ta tambayi wa ke magana. Dogo ya rufe ido. Ya ce shi ne, ya tambaye ta lafiya, ya ce ta saurare shi da kyau: ta tashi yanzu ta sa sakata a ƙofar gida, kada ta buɗe wa kowa, ko wa ya ce shi ne, har sai ya dawo.

Inna ta yi 'yar dariya.

"Kai dai da tsoro kamar ubanka. To ai sai baƙon ya fita tukuna, ko in kulle shi a ciki?"

Dogo ya juyo ya dubi Auta.

Auta ce ta sunkuya kan wayar.

"Inna, wane baƙo?"

"Au, ke ce 'yar albarka? Ai naki ne. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce ke kika turo shi ya ƙara naɗar keken, wai na farko bai fita da kyau ba. Na ce ya shiga ɗakin ya duba abinsa, ni ina nan ina haɗa masa shayi."

Inna ta ci gaba da magana, tana tambaya ko baƙon yana shan sukari da yawa. Dogo ya riga ya finciki ƙofa, ya yi karo da mutum biyu masu kaki tsaye a bakinta, ɗaya ya ɗaga hannu ya tare shi.

Auta ba ta juya ba. Kunnenta yana kan wayar, kunnen nan da ba ya barin komai ya wuce shi. Can bayan muryar Inna, a ɗaya ɗakin, ana jan aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya.

Sai jan ya tsaya.

Takun baƙon ya fara matsowa wajen Inna.